Lamba ta Biyu

A garejin manyan motoci Ba-Gudu ake kiransa, don tun da ya fara ƙetare iyaka da tirela ba wanda ya taɓa ganin ya wuce wata mota sai wadda ta lalace a gefen hanya. Yadda yake tuƙi haka yake magana, a hankali, kuma sai ta kama dole. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta gaji da mita a kan ba ya kiran waya in yana tafiya. Kullum amsarsa ɗaya ce: "To me zan ce miki? Hanya ce, ga ta nan."

Katin banki ne ya raba musu wannan gardama. Da suka buɗe asusu tare, an sa lambar wayarsa da tata. Man mota dai kamfani ke biya, amma kuɗin hanya da na ciki daga aljihunsa suke fita, don haka duk inda ya sa katin a ƙasar waje sai saƙo ya faɗa wayarta, da sunan wurin da abin da aka cire. Matar nan ba ta taɓa leƙa iyaka ba, amma ta haddace hanyar fiye da wasu direbobin. In ta ga an cire ɗan kaɗan a kantin gidan mai, ta san shayi ne. Sai ta rubuto, "Shayi kuma? Ina abinci?" Shi kuwa ba ya ba da amsa. Komawa ciki yake yi ya sayi shinkafa da katin, kafin ya zauna saƙonta ya shigo: "Yauwa." Iyakar hirarsu ke nan a kan hanya, kuma ta ishe su.

Bayan rasuwarta ya ɗauki wayarta ya ajiye a akwatin gaban mota, yana sa mata caji kamar tasa. In ya biya kuɗi ya hau mota, sai ya ji ta yi ƙugi a cikin akwatin. Ya san ba kowa a ɗaya gefen, ba wauta ce ke damunsa ba. Amma yana son jin ƙarar. Ana haka kamfanin waya ya rufe layin, katin ma wa'adinsa ya ƙare, banki ya ce a zo a mai da asusun na mutum ɗaya.

Ma'aikaciyar da ta karɓe shi yarinya ce mai tabarau, mai saurin baki. Ta ajiye masa kati biyu a kan tebur, shuɗi da ruwan toka.

"Baba, tunda aikinka tuƙi ne a waje, shuɗin nan ne naka. Ba a cire maka komai na canji, ƙofofin biyan kuɗin hanya duk suna karɓa, ɗora shi kawai za ka yi ka wuce. Duk abin da ka kashe kana gani a manhaja cikin wayarka."

"Ɗayan fa?"

"Tsohon yayi ne, irin naka na da. Duk sayayya a waje sai an yanke wani abu. Ko ruwa ka saya." Ta ture shi gefe da ɗan yatsa. "Abin da kawai yake da shi, yana tura saƙo, har lamba biyu in mutum na so. Kusan an daina nemansa."

"Shuɗin ba ya tura wa kowa?"

"Wa zai tura wa? Kai ne mai kuɗin."

Ba-Gudu ya jawo ruwan tokan gabansa. Yarinyar ta sake yi masa bayani daga farko, da ƙarfi wannan karon, ta ɗauka kunnensa ne ke da nauyi. Ya bar ta ta gama. Ai ba za ka zauna a banki, layi na bayanka, ka ce wa sa'ar 'yar cikinka so kake a samu mutum ɗaya a duniya da ya san inda kake ba.

"Shi nake so, 'yata."

Ta ɗaga kafaɗa ta juya ga kwamfuta. "Lamba ta biyu fa? Ko a bar ta haka?"

Ta ɗago ta dube shi. Sannan ya karanto lambar Auta.

Auta 'yarsa ce, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa. Ba faɗa suka yi ba. Halinsa ta ɗauko tsaf, ita ma ba ta kira. Uwar ce ke kai maganar wannan wurin wancan, da ta tafi sai uba da 'ya suka rage da gaisuwa da "ya aiki" da "to madalla". Bai gaya mata abin da ya yi a banki ba, kunya ta hana shi.

Ya ƙetare iyaka da lodin tayil, ya shiga ƙasar da bai iya komai a yarenta ba sai "na gode". Ya biya kuɗin hanya. Ya sha shayi. Ya biya na wanka a wurin hutawar direbobi, ya sake shan shayi. Kowane lokaci in ya hau mota sai ya ɗan jinkirta kafin ya tayar, wayarsa a kan cinya. Ba abin da ya shigo sai saƙon banki.

Washegari da hantsi ta kira. Muryarta ta wadda ta kwana a tsaye ce.

"Baba, ina kwana. Wai mene ne waɗannan saƙonnin banki da ke ta shigo min? Ina tsakiyar sa wa mara lafiya ruwa waya na ta kuka. Har na ɗauka 'yan damfara ne."

"Kuskuren banki ne. In na dawo zan sa a cire."

"To. Allah ya tsare hanya."

"Amin."

Ya daɗe riƙe da sitiyari bai tayar ba. Gaskiyarta ce. Yarinya na fama da marasa lafiya, shi ya je ya ɗora mata ƙugin waya saboda kofin shayi. Ya ɗaga katifar bayan kujera ya ciro kuɗin ko-ta-kwana da yake ɓoyewa a wurin, ya kai wa ɗan canji, aka yi masa canjin wanda ba shi da zaɓi. Katin kuma ya tura shi can bayan lasin a cikin walat.

Daga nan tafiyar ta koma ta tsabar kuɗi. A ƙofar biyan kuɗin hanya masu kati suna wucewa fiu, shi yana layin rumfa ɗaya da ta rage mai mutum a ciki. Ya hau tsaunin nan mai doguwar gangara, ya sauka a giya ta ƙasa kamar yadda ya saba. Ya kai kaya sito, aka sauke, mai sito ya sa hannu bai ko dubi fuskarsa ba. A wuraren hutawa direbobi na hira da dariya cikin yarensu, shi yana gefe da kofinsa, a teburin da ba a ma sauke sauran kujerunsa ba. Abinci ya ƙi shiga. Ya taɓa yin kewa a rayuwarsa, amma irin wannan bai taɓa ji ba. Ya lissafa a ransa cewa in ya kwanta a bayan kujerar nan bai tashi ba, wanda zai fara nemansa shi ne mai motar, shi ma motar zai nema.

A kan hanyar dawowa ne, da la'asar, yana fakin a wani gidan mai, wayar ta yi ƙara.

"Baba, kana ina?"

Ko gaisuwa babu. Ya faɗa mata.

"Tun shekaranjiya ba abin da ya shigo min." Ya ji tana jan numfashi. "Na ƙarshe shayi ne, a gidan man da ke gindin tsauni. Daga nan ai sai gangaren nan. Mama takan ajiye duk abin da take yi in ka kai wurin, sai ta ga saƙon ƙofar da ke ƙasa sannan ta tashi. Na jira, na jira, bai zo ba."

"Ke ma kin san hanyar?"

"A gabana take karantawa tun ina makaranta. Ya za a yi ban sani ba?"

"Ai kin ce suna damunki."

"Cewa na yi mene ne. Ban ce ka ɓace ba. Kuma Baba, banki bai san lambata da ka ba."

Ba-Gudu ya dubi akwatin gaban mota. Can ya ji ana ƙwala mata kira daga nesa.

"Ana nemana a ɗaki. Kar ka cire. Ka ci abinci?"

"Na sha shayi."

Ta yi ɗan tsaki, irin na uwarta sak, ta kashe.

Ya sauko daga mota ya shiga kantin. Ya nuna shinkafa da yatsa, ya zaro ruwan tokan daga bayan lasin ya sa a na'ura. Aka cire kuɗin, aka yanke na canji a kai. Ya sauke kujera ɗaya daga kan tebur ya zauna, ya ajiye wayar kusa da farantin.

Ba ta amsa ba. Tana kan aiki, ya sani. Ya ci a hankali, yana kallon motoci na shiga suna fita, har shinkafar ta huce. Ya cinye tas, ya mai da farantin, ya koma mota ya ɗaura bel.

Ya sa hannu a makulli ke nan wayar ta yi ƙugi a aljihunsa. Kalma ɗaya ce.

"Yauwa."

Ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya goge ido da bayan hannu, ya ajiye wayar a kujerar da ba kowa, ya tayar da mota.