Siket ɗin Kunkuru

Kunkuru ya sha kwana ta huɗu lafiya lau, ya hau 'yar gadar katako ya sauko, sai kawai ya saki layin ya nufi ƙafar alƙaliya kamar wanda aka aika. Alƙaliyar ta ɗage ƙafarta, ta busa usur, ta rubuta wani abu a takarda. Karo na biyu ke nan, saura ɗaya.

Tela yana zaune a layi na uku na kujerun 'yan kallo, ya dafe kai. Kunkuru ɗan mutum-mutumi ne mai taya, girmansa bai wuce dutsen guga ba, wanda Auta 'yar Tela da abokan karatunta biyu suka ƙera a sashen injiniya. Aikinsa ɗaya ne: ya bi baƙin layin salatif da aka manna a kan farin allon da ke shimfiɗe a tsakar zauren, ba mai tuƙi, ba mai riƙe waya. Ƙungiya goma sha biyu ce ta zo daga makarantu daban-daban, kowacce tana da damar gwaji sau uku. Wadda ta fi sauri za ta yi wata uku a masana'antar da ke ƙera irin waɗannan na'urori, kuma shekara guda ke nan Auta ba ta da zance a gida sai wannan masana'anta.

Tun safe bakin Tela bai rufu ba. Shekara talatin da takwas yana taka keken ɗinki, abin da ya sani shi ne inji ba ya motsi sai ka taka shi, ba ya tsayawa sai ka ɗage ƙafa. Yau ga inji yana duba hanya da kansa, ya zo mararraba ya ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan ya zaɓi dama. Da farko har ya taɓa mutumin da ke kusa da shi ya tambaye shi a hankali wa yake tuƙa abin. Mutumin ya ce babu kowa, umarnin da yaran suka rubuta ne a cikin kansa. Tela ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ya dubi Auta can a bayan igiyar da ta raba 'yan gasa da 'yan kallo, yatsunta suna gudu a kan kwamfuta, ya rasa yaushe yarinyar da ke tsinto masa maɓallai a ƙarƙashin teburi ta koyi yi wa ƙarfe magana har ya ji.

Aka sanar da hutun minti ashirin kafin zagayen ƙarshe. Ya tashi ya matsa bakin igiyar. Dogo, abokin aikin Auta mai haɗa wayoyi, yana cewa lissafin kwana ne ya karkace. Na ukunsu, Mai Gilashi, ya rantse batir ne. Auta kuwa tana bin rubutun da ke fuskar kwamfutar layi-layi, leɓenta na ƙasa a cije.

"Auta," ya ce.

"Baba, don Allah ba yanzu ba."

Ya ja da baya. Gaskiyarta ce, me tela ya sani a nan? Ya juya zai koma kujerarsa, da yake kuma ba shi da kwamfutar da zai kalla, sai ya kalli ƙasa.

A duk zauren nan mai cike da masu ilimi, shi kaɗai ne ya kalli ƙasa. Rana ta karkato ta manyan tagogin da ke can sama kusa da rufi, ta zubo haske mai faɗin tabarma daidai gangaren gadar. A cikin hasken nan baƙin salatif ya daina zama baƙi, yana ƙyalli fari-fari kamar bayan cokali. Tela ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Bai taɓa zaɓar zare a cikin shago ba, sai ya fito bakin ƙofa ya kara shi da yadin, domin launin da fitila ta nuna maka daban, wanda rana za ta nuna wa mai kaya daban. Ya tuna wata rana yana yanka, Auta tana yi masa bayanin da ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu: Kunkuru yana da ƙananan idanu biyar a ƙarƙashin haɓarsa, fari yana mayar musu da haske, baƙi yana shanyewa, da haka yake gane hanya.

Ya dawo bakin igiyar. "Ɗakin da kuke aiki a makaranta, yana da taga?"

Dogo ne ya amsa. "A ƙasan bene yake, Baba. Ko rana ta faɗo ba mu sani."

"To ku dubi can. Walƙiya ma a nan ya ɓata, sau biyu."

Walƙiya shi ne na'urar da kowa ya zo kallo, ta wata ƙungiya masu jar riga. Sau biyu yana tashi kamar an harba shi, sau biyu yana zuwa gangaren gadar ya yi waje. Auta ta ɗago kai, ta dubi hasken, ta dubi taga. Ya ga lokacin da abin ya faɗo mata, kafaɗunta suka sauka.

"Da safe muka saita idanun, ranar ba ta iso nan ba," ta ce. "In na sake saita su da hasken can, sauran layin zai rikice. Minti sha huɗu ba zai isa ba."

"Ku bar idanun yadda suke. A yi masa inuwa."

"Kwali," in ji Mai Gilashi.

"Kwali zai tokare a gada," Auta ta ce. "Sai abu mai lanƙwasa, kuma baƙi, wanda ba ya ƙyalli." Ta tsaya. Ta dubi ubanta sosai, karo na farko tun safe.

Alƙaliyar da suka tambaya ta buɗe littafin doka ta karanta, ta ce ba inda aka hana ƙyalle, amma ba wanda zai taɓa na'urar ko ya tsallake igiya sai ɗan ƙungiya. Dogo ya ce bari ya nemo abin awo. Tela ya ce ya huta. Ya sa Auta ta ɗaga Kunkuru ta juya shi a hankali, gaba, gefe, ƙasa, ya kanne ido ɗaya yana kallo. Mutumin da ya shekara talatin da takwas yana auna masu ƙiba da ke rantsuwa sun rame ba zai nemi tef saboda abu mai girman dutsen guga ba.

Sauran ƙyalle. Ya duba jikinsa: rigarsa fara ce, hankicinsa fari. Sai ya zura hannu a aljihun wandonsa na hagu, ya kwashe makullai ya miƙa wa Auta, ya zaro aljihun waje. Baƙin yadin auduga ne mai laushi, shi ya ɗinka shi da hannunsa. Ya ɓalle ɗan almakashin da ke jikin makullan, ya yanke aljihun daga gindi. Allura tana soke a cikin ƙeyar hularsa inda take kwana kullum, da zare nannaɗe a jikinta. Dogo ya ba shi robar ɗaure wayoyi. Ya zauna a kan matakala, ya tsaga, ya kalmashe, ya zura robar, ya yi 'yan tsagu huɗu a gindi don kada ya kama gada. Mai Gilashi ya tsaya a kansa yana kallon allurar tana shiga tana fita, ya manta da batir.

"Siket ne," in ji Dogo da aka ɗaura. "Wallahi siket aka yi wa Kunkuru."

Siket ɗin ya zauna cif, kamar a jikinsa aka auna. Kwalin ashana ba zai shige tsakanin bakinsa da ƙasa ba.

Su ne na biyu a zagayen ƙarshe. 'Yan kallo suka yi dariya da suka ga siket ɗin yana rangaji. Kunkuru bai kula ba, ya kama layinsa, kwana ta ɗaya, mararraba, kwana ta huɗu, gada. Ya gangaro cikin hasken rana ɗauke da 'yar inuwarsa, ya ratsa ta tsakiya bai ko waiga ba. Dariyar ta mutu. Tela ya ga abin da 'yarsa ta rubuta da abin da shi ya ɗinka suna tafiya tare a jiki ɗaya, kuma har yanzu bai san yadda rabin farkon yake aiki ba. Minti ɗaya da daƙiƙa huɗu. Kafin su, mafi sauri ya yi minti ɗaya da daƙiƙa arba'in.

Nan da nan zauren ya koma neman kwali. Ƙungiya biyu suka gwada, duka suka maƙale a kan gada tayoyi suna juyawa a iska. Tela ya koma kujerarsa yana ƙirga waɗanda suka rage da yatsu, zuciyarsa fari ƙal. Sannu a hankali ya zama saura huɗu, Walƙiya ne na ƙarshe.

Sai ga wata yarinya mai jar riga ta durƙusa a gefen kujerarsa, shugabar masu Walƙiya. Idanunta sun yi ja. Ta ce, "Baba, sannu da aiki. Mun yanka hannun riga mun gwada, ja ne, haske yana ratsawa. Na san bai kamata in tambaya ba."

Lallai bai kamata ba. Tela ya san amsar da zai bayar, ta ma zo bakinsa: zare ya ƙare. Ƙaryar tela ce, ya yi ta sau dubu a kan abin da bai kai wannan ba. Amma Auta ta hango su, ta tako har bakin igiya, sai ya tsaya ya bar mata maganar, yana roƙo a ransa ta girgiza kai.

Auta ta daɗe tana kallon teburin masu jar riga, inda Walƙiya yake kwance, siriri, mai taya huɗu.

"In ya gama zai wuce ku," Tela ya ce ƙasa-ƙasa. "Kin sani."

"Na sani, Baba." Ta juyo ta dube shi. "Wata shida nake jin labarinsa. An ce yana hango kwana tun kafin ya iso ta, ya rage gudu da kansa. Ni na kasa rubuta wannan, sau uku ina gwadawa. Ina so in gani da idona."

"Masana'antar fa?"

"Akwai sauran aljihu?"

Ya ji haushi, ba zai ɓoye ba. Ya zaro aljihun dama ya yanke shi da ƙarfin da ya wuce bukata. Ya ce a ɗaga masa Walƙiya a juya. Ya so hannunsa ya yi ha'inci, ya ɗan saki kalmasar ko ya rage tsaga ɗaya, amma hannun bai iya ba. Na biyun ma ya fi na farkon kyau, tunda hannu ya riga ya gane hanya.

Da aka busa usur, Walƙiya bai yi kama da mai bin layi ba, ya yi kama da wanda shi yake zana layin. Kafin kowace kwana sai ya ɗan lafa, ya kwanta a gefe, ya fice. Ya haye gadar, siket ɗin ya buɗe ya rufe, ya keta hasken rana. Ba wanda ya yi tari a zauren. Daƙiƙa talatin da tara.

Tela bai kalli agogon ba, 'yarsa yake kallo. Ta riƙe igiyar da hannu biyu, bakinta a buɗe, fuskarta tana haske irin na ranar da ya fara ɗora ta a kan keken ɗinki ta ga allura tana gudu. Haushin ya zube. Wani abu mai kama da tsoro ya maye gurbinsa, irin wanda mutum yake ji in ya gane ɗan da ya rena ya fi shi girma.

"Baba, ka ga yadda ya shiga ta huɗu?" ta ce, ba ta ko juyo ba. "Ka gani?"

"Na gani," ya ce.

Aka ba masu jar riga takardar masana'anta, aka ba su Auta 'yar lambar azurfa ta na biyu. Yarinyar mai jar riga ta zo ta yi godiya har sau uku, ta rubuta wa Auta lambar wayarta a bayan hannu, ta ce za ta nuna mata yadda aka rubuta kwanar. Zauren ya fara watsewa, ma'aikata suna ɓamɓare salatif daga allon. Auta ta rungumi kwalin da Kunkuru yake ciki, jaka a kafaɗa, ta miƙo masa lambar.

"Riƙe mini, Baba, kada Dogo ya ɓatar."

Ya karɓa ya jefa a aljihu. Ya ji sanyinta ya bi cinyarsa, ya wuce gwiwa, ta faɗo ta ƙafar wando ta buga ƙasa da ƙara, ta gangara ƙarƙashin kujera. Dogo ya tuntsire da dariya. Auta ma ta yi dariya, ta yi ta yi har ta ajiye kwalin, sannan dariyar ta juye, ta kifa fuska a kafaɗarsa tana kuka ba sauti. Ya bar ta ta yi mai isarta.

Da ta ɗago, ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin kujerar ya ɗauko lambar, ya hure ƙurar. Ya duba jikinsa, babu inda zai sa ta. Sai ya dunƙule ta a tafin hannunsa, ya karɓi kwalin da ɗaya hannun, suka nufi tashar mota.