Hoton Gidan Dada a Jikin Ƙyaure

Shekarar da Dutse ta zama babban birnin jiha, sabon titi ya ratsa ta tsakiyar gidan Dada, aka ba ta mako guda ta tashi. Ɗanta Muhyiddeen mai hoto ne, kuma idan ya kafe ko jaki albarka. Ya rantse sai ya ɗauki gidan da mutanensa kaf kafin a rushe, ba kuma a 'yar takarda ba, a jikin ƙyaure.

Kwalba ɗaya tal gare shi ta ruwan maganin hoto, daga Kano ya samo ta. Ya toshe ɗakin Dada ruf, ko tafin hannunka ba ka gani. Ya shafe ƙyauren da maganin, ya jingine shi yana fuskantar taga, a tagar ya kafa murfin gwangwanin madara da ya huda da allura. Ta wannan 'yar huda tsakar gida za ta shiga ta kwanta a katakon, amma sai ta ɗauki rabin awa.

"Kada wanda ya motsa sai na ce," in ji shi.

Mutum goma sha tara suka jeru a gindin dabino, an sha ado. Gogan naka ya auna rana, ya auna komai, ya manta da la'asar. Minti biyar da buɗe hudar ladan ya kira salla. To wa zai zauna? Maza suka zari butoci, mata suka shige ɗaki. Muhyiddeen yana ta "ku yi wa Allah ku tsaya", har kunya ta kama shi ya bi sahu.

Da ya wanke ƙyauren, ga dabinon, ga rumbu, ga turmi, ga duwatsun da ke bayan gidan, har tsagar katanga ta fito. Mutum ko ɗaya babu. Maganin kuma ya ƙare. Ya kasa haɗa ido da mahaifiyarsa.

"Dada, na ɓata. Kango na ɗauko miki."

Ta daɗe tana bin tsagar katangar da yatsa, idonta ya ciko.

"A sa min shi a mota," ta ce. "Mutanen ai da su zan tafi. Gidan ne ba zai bi ni ba."