Gishirin Inna

Likita ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwar Inna, ɗigo-ɗigon fari ko'ina. Ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne ke toshewa, kowacce ta toshe sai ta tafi da wani abu daga tunaninta. Ya ce in raba ta da gishiri, in ba haka ba babbar toshewar na tafe, kuma ba lallai ta tashi ba.

Gishiri fa, a nan Akita ta ƙasar Japan. Matar da tun tana budurwa take kyafe daikon, wani dogon farin tushe mai kama da karas, a hayaƙi, ta danna shi a ganga da gishiri da dusa ya zama gakko, ko shayi ba ta sha sai da shi a gefe. Amma tsoro ya kama ni, na bi maganarsa. Na mirgina gangar zuwa rumfar baya na rufe, miyar miso kuma, ta daddawar waken soya, na koma yin ta lami.

Inna ta kurɓa, ta ture kwanon, ta ƙare mini kallo.

"Yarinya, ke 'yar gidan wa ce?"

"Inna, ni ce Sachie."

"Ji maƙaryaciya. Sachie ta iya miya, ni na koya mata."

Daga ranar ta rufe baki. Wai ba ta cin abincin baƙuwa, za ta jira 'yarta. Na yi lallashi, na yi faɗa, na durƙusa ina kuka, ko a jikinta. Sai ta zauna tana kallon ƙofa, wuya duk ya zama ƙashi. Na kira wana Kunio a birnin Sendai.

"Ki bi ta a hankali mana," in ji shi.

"Yaya, zo ka bi ta da kanka. Daga nesa kowa gwani ne a waya."

Na gwada dabara: na ciro gakko na jiƙa a ruwa har gishirin ya fita. Ta tauna sau ɗaya ta tofar a hannuna. Ran da na ɗaga ta zan yi mata wanka na ji ta sakayau kamar buhun ƙaiƙayi, raina ya gama ɓaci. Na tafi rumfa na ciro wani, na yanka shi yadda yake, na ajiye mata da shinkafa.

Ta ɗauka, na ji ƙurus-ƙurus a bakinta. Ta ɗago kai, idonta ya kawo ruwa.

"Sachie, ina kika shiga? Wata mata ta zo gidan nan tana neman kashe ni da yunwa."

"Ta tafi, Inna."

"Kar ki bari ta dawo. Ƙaro mini."

Ban manta da hoton nan ba, ɗigon fari duk yana idona. Na jawo wuƙar, na ƙara yanka mata.