Sarewar Baffa Bubayero da Gangar Albarka

Fa'izu mai situdiyo a unguwar Takur da ke Dutse ya haɗa sarewar Baffa Bubayero da gangar Malam Albarka a kiɗa ɗaya. Shi ya ɗauko tsofaffin biyu daga Taura a motarsa. Ya naɗi kiɗan yadda ya fito, bai ƙara wa kowa ba, bai rage wa kowa ba.

Sarewar Baffa ta kiwo ce. Mahaifinsa ya koya masa busa ta a hankali, don saniya ba ta son firgici. Gangar Albarka kuwa ta noma ce, an yi ta ne don wanda ke can ƙarshen gona ya ji. A kiɗan, sarewa ce ke farawa ita kaɗai, siririya kamar zare, sai can ganga ta faɗo.

Kiɗan ya bazu a wayoyi.

Ranar kasuwa Baffa ya tsaya a rumfar mai cajin waya, inda aka sa kiɗan a wata 'yar lasifika. Ba a jin sarewa, sai mai rumfa ya murɗa ƙara har ƙarshe. Da ganga ta shigo, lasifikar ta yi ƙara kamar fasasshen kwano, ta mutu. Aka yi ta dariya, ana cewa hannun Albarka ya fi ƙarfin na'urar Bature. Baffa na tsaye a wurin, babu wanda ya dube shi.

Tun daga nan kowa ya koyi rage ƙara kafin ya kunna, sarewa ta ɓace. Aka sa wa kiɗan suna Fasa-Lasifika. Albarka ya shiga yawo da sabuwar hula, ana gaishe shi daga kan babur. Har Luba, 'yar da Baffa ya haifa, tsallake farkon take yi, wai babu komai a wurin.

Baffa ya tashi. Ya ɗauki sandarsa ya shiga motar Dutse.

Ya gaya wa Fa'izu cewa ya binne shi da rai don ya ɗaga makaɗi. Fa'izu bai yi musu ba. Ya zaunar da shi tsakanin manyan lasifikoki biyu, ya rufe ƙofa, ya kunna.

Sarewa ta fito tas. Baffa ya ji numfashinsa, ya ji yatsunsa suna rufe ƙofofinta. Ganga ta faɗo, babu abin da ya fashe, sai a ƙirji ya ji ta. Kiɗa ne mai kyau, ya sani. Ya kuma ji abin da bai lura da shi ba ranar naɗi: duk inda sarewa za ta dawo, Albarka na sassauta hannu ya ba ta hanya. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Fa'izu ya ce kowa na nan a cikin kiɗan, tazarar da ke tsakaninsu ce ƙaramar lasifika ba ta iya ɗauka. Zai iya danne ganga ya ɗago sarewa, har kowace waya ta fito da ita, in mai ganga ya yarda. Ya kira Albarka, ya buɗe muryar wayar.

Albarka ya yi dariya. "A rage tawa mana, ɗana. Mutumin nan tun muna yara sai an matsa masa yake samun tabarma. Ba shi, ni na ƙoshi."

Fa'izu ya kai hannu kan na'ura, ya dubi Baffa yana jiran izini.

Baffa ya miƙe, ya ɗauki sandarsa.

"A'a. Ba za a rage masa don a ji ni ba. Kada ka taɓa."