Makarar Kawu Haladu

A unguwarmu a Wudil, in aka ce "ragon gidan Malam Bilya", babu mai tambayar wane ne. Ni ne, Garzali. Tun ina firamare aka naɗa ni sarautar, kuma har yau ba a tuɓe ni ba. In yara suka kwasa da gudu, kafin in kai bakin lungu cinyoyina sun ɗaure tamau. Na sha bulala a kan ɗebo ruwa, na sha a kan noma a gonarmu ta Utai. Sai da na haura shekara talatin, ranar da na taya wani tura mota fitsarina ya koma kalar baƙin shayi, aka kwashe ni zuwa asibiti a Kano, sannan wani likita ya gano abin. Ya ce haka aka haife ni. Naman jikin kowa yana da rumbun da yake ajiye sukari saboda aikin gaggawa. Nawa rumbun a cike yake, ƙofarsa ce a toshe. Ba a warkewa, sai dai mutum ya koyi zama da shi.

Ya koya mini zaman. In zan yi tafiya, in fara a hankali. Da ciwon ya taso in sassauta ko in tsaya, kada in yi masa gardama. Bayan kamar minti goma jikin zai samo wata hanyar cin abincinsa, sai tafiyar ta saki. In aikin ya zama dole, in sha abu mai zaƙi kafin in fara, in yawaita shan ruwa. Abu ɗaya ya ja mini kunne a kai har sau uku: kada in ɗauki nauyi in riƙe.

Na dawo gida ina murna kamar wanda alƙali ya wanke. Ashe ni kaɗai nake kiɗana nake rawata. Lukman, babban ɗan Kawu Haladu, ya gama sauraro ya ce, "To madalla, lalaci ma ya samu takardar asibiti." Tsakar gida ta ɗauki dariya. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, kuma wasan taubashi ba a fushi da shi, sai dai a haɗiye. Na haɗiye, amma ya yi mini ciwo ƙwarai.

Kawu Haladu, yayan mahaifiyata, shi kaɗai bai yi dariya ba. Tsohon masunci ne da gwiwoyi suka kwantar da shi daga shiga kogi. Washegari da la'asar ya zo ƙofar shagon da nake cajin waya, ya dogara sanda ya ce, "Tashi ka raka ni masallaci, ba na son masu sauri." Daga ranar muka zama abokan tafiya. Samarin majalisa suka sa mana suna tsofaffi biyu. Muna da wuraren tsayawa: gindin darbejiyar ƙofar gidan masu ginin tukwane, da dakalin mai shayi. Kullum shi ne ke cewa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Mu ɗan tsaya, gwiwata." Na daɗe kafin in lura cewa gwiwar tasa ba ta taɓa motsawa sai lokacin da ya ga na fara cije leɓe.

Wata rana aka wuce mu da gawa. Ka san mutanenmu da makara, tafiya ake kamar an ɗauko wuta a hannu, wannan ya sa kafaɗa wancan ya karɓa, kafin ka gama salati sun sha kwana. Kawu ya bi su da kallo ya ce, "Ranar tawa kam zan bar ka a baya, ɗan nan."

Na ce, "Zan sa kafaɗa, Kawu. Na yi maka alkawari."

"Kai ɗin? Allah ya nuna mana." Sai ya kwashe da dariya. "Au, ni ba zan gani ba."

Ranar wata Talata da hantsi Kawu ya cika. Aka ce jana'iza bayan sallar azahar.

Al'ada ta ce 'yan uwa su zauna a tabarma a ƙofar gida, su sunkuyar da kai, su karɓi gaisuwa har a gama wanka da sutura. Na zauna kaɗan, na amsa "ya haƙuri" iya abin da zan iya, ina lissafi a raina. In na ci gaba da zama har aka ɗaga makara, jikina a sanyaye yake, ko ƙarshen layinmu ba zan kai ba. Sai na miƙe na je kanti na sayi lemon kwalba, na tsaya na shanye. Sannan na fara tafiyata ta hawainiya, daga ƙofar gidan zuwa bakin titi, in juyo, in sake komawa.

Na ga idanu suna bina. Wani dattijo daga Lajawa ya tambayi na kusa da shi ko lafiyata ƙalau. A zagaye na uku Lukman ya taso ya tare ni, idonsa jawur.

"Garzali, Baba na kwance a ciki, kai kana shan lemo kana shawagi? Yau ma?"

Wannan karon babu wasa a muryarsa. Na ce, "Yaya Lukman, jikina nake tayarwa. So nake in ɗauke shi."

"Ka rufa mana asiri ka zauna. Mutumin nan ya ɓata shekarunsa yana jiran ka a hanya."

Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Amma in na tsaya bayani jikin zai huce. Na kewaye shi na ci gaba. A lokacin cinyoyina sun fara ɗaurewa, ƙirjina yana bugu, ga ba mai cewa mu tsaya. Na sassauta, na ja ƙafa, na jira. Can sai na ji abin ya saki, kamar yadda yake yi kullum in an yi masa haƙuri. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan kai-kawon ba, mutum ɗari a zaune suna kallona, babu ɗaya da ya san abin da nake yi.

Aka fito da Kawu, aka yi sahu, aka sallace shi. Ana sallama makara ta tashi, jama'a suka ɗunguma. Na bi su iyakar ƙarfina, amma saurinsu ba nawa ba ne. Da na ga suna nisa sai na yanke ta lungun masu tukwane, hanyar da ni da Kawu muka sani, na ɓullo gabansu dab da makabarta. Da suka iso na shiga, na dafa wani saurayi da ke riƙe da gefen dama na gaba, ya zame, na sa kafaɗa.

Kawu ba shi da nauyi, tsufa ya cinye shi. Duk da haka nan take na ji wuyana da damtsena sun fara kamawa. Ba zan iya saurinsu ba, ban kuma gwada ba. Na taka irin takunmu. Na baya suka turo, makarar ta yi tangal-tangal, dole suka rage. Jama'a duka suka rage. Na ji ana cewa a karɓe shi mana. Lukman ya matso ya kai hannu, na ce masa a hankali, "Bari in kai shi ƙofa." Ban san abin da ya gani a fuskata ba, ya dai janye hannunsa. Haka Kawu Haladu ya shiga makabarta, a sannu, yadda ya saba tafiya.

A bakin kabari aka karɓe shi. Hannuna ya ƙi sauka, ya ƙage a lanƙwashe, ciwon yana ratsa ni har haƙora. Na san ba a miƙe shi da ƙarfi. Na san kuma abin da zan gani in na je bayan gida, da gadon asibitin da ke jirana, da ledar ƙarin ruwa. Na rungume hannun na tsaya a gefe, ina kallo aka jera tukwane, aka liƙe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, aka tura sauran. Ko ƙasar ban iya zubawa ba.

Aka shafa fatiha, aka watse da irin saurin da aka zo. Lukman ya juyo wajena, sai wasu baƙi suka ja shi. Kafin in kai ƙofar makabarta babu kowa a hanya.

Na kamo hanyar gida ni kaɗai, a hankali, ta lungun da na zo. Tsayuwar da na yi ta sanyaya jikin, ya koma farko. Daidai gindin darbejiyar masu tukwane cinyoyina suka ɗaure. Akwai mata biyu a ƙofar gidan suna jera randuna, suka ɗago suna kallona. Na saurara, kamar wawa, ina jiran a faɗa. Da na ji shiru sai na faɗa da kaina, da ƙarfi yadda za su ji.

"Mu ɗan tsaya, gwiwata."