Yaron da Na Juya wa Baya

Yanzu ina iya kiran sunan Hadi gatsal, tunda ba mijina ba ne. A wancan lokacin Malam nake ce masa, ina sunkuyar da kai in ya shigo. Ma'aikacin gona ne a Daudawa, mai kula da irin auduga, ni kuma 'yar Damari ce, ban taɓa wuce Funtuwa ba. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba su, duk wanda ya iya riƙe biro sai a tura shi kwas ƙasar waje. Hadi ya samu Ingila, aka ce har da iyali. Na goya ɗana, ko rarrafe bai fara ba, na bi mijina.

Tun a filin jirgin Landan ya kamata in gane da wa nake tare. Uwar Hadi, Hajiya Nana, ta cika mini kwalla da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Baturen da ke bincike ya buɗe ƙunshin daddawar, ya ja da baya kamar an tsone masa ido, ya kira ɗan'uwansa, suka tsaya suna shinshina. Na waiwaya in ga abin da Malam zai ce, sai na hango shi can gaba yana karanta wani allo, kamar bai taɓa ganina ba. Suka jefa daddawar a kwandon shara. Kukar dai suka bar mini, don sun zaci lalle ne.

Ɗaki ɗaya muka samu a can saman wani bene, mai sanyi kamar cikin randa. Murhun gas ɗin sai an jefa masa kwabo yake kamawa, kuma yana iya mutuwa ana tsakiyar tuƙa tuwo. Ban damu ba. In Hadi ya tafi makaranta na rufe ƙofa, ni da yaron nan sai wasa. Ina yi masa tawai, ina cizon yatsunsa, ina yi masa waƙoƙin da ake yi a Damari. Ba ni da kowa a ƙasar sai shi, shi ma ba shi da kowa sai ni.

Amma wannan a bayan ƙofa ne. Ɗan fari ne, ga shi kuma ya ci sunan mahaifin Hadi. A gaban mutane ba na kiran sunansa, ba na yi masa dariya, in ana maganarsa sai in dubi wani wajen. Haka na ga uwata ta yi da yayana, haka kowace mace mai mutunci take yi a wajenmu, kuma Hadi ya san wannan sarai, don shi ma ɗan fari ne.

Da yaron ya fara tafiya sai tari ya kama shi. Wata nas Baturiya ta zo duba shi. Ta tambaye ni sunansa, Hadi ya fassara mini yana murmushi, na yi shiru na dubi ƙasa. Ta ɗauke shi ta miƙo mini, na karɓa na ajiye shi kan gado na koma gefe. Ta dube ni, ta dubi Hadi. Shi kuma ya shiga zuba mata Turanci, tana gyaɗa kai, fuskarta na canzawa. Da ta fita na tambaye shi me ya gaya mata.

"Ba komi," in ji shi. "Maganar magani ce."

A lokacin ba abin da ke ran Hadi sai mota. Abokansa duk suna tara kuɗi su sayi Fijo su aika gida ta jirgin ruwa, matansu na aiki a masana'antu. Ya samo mini aikin guga a wani gidan wanki. Na ce masa, "To Malam, wa za shi zamna da wancan?"

"Ai shi za ni hwaɗa maki," ya ce. "Nas ɗin nan ta kai rahoto. Dokar ƙasar ce, yaro mai tari ba shi zama ɗaki irin wanga. Za su kai shi ƙauye wajen wata mata ya sha iska, sati biyu ya dawo."

Hukuma ce, me zan ce? Ranar da matar ta zo, wata doguwa mai furfura da ake kira Misis Bel, na riga na yi kukana tun da safe a banɗaki, na wanke fuska. Na haɗa masa kayansa. Ta miƙa hannu ta ɗauke shi, ya fara ihu yana miƙo mini hannuwa, ni kuwa ga baƙuwa ga mijina a tsaye, sai na juya baya na kama goge murhun da ba abin da ya same shi. Ina jin kukansa yana sauka bene har ya ɓace.

Sati biyu suka zama wata biyu. In na tambaya, sai ya ce tarin bai warke ba. Daga baya ya ce likita ya hana ziyara. Shi kaɗai ke zuwa can ƙarshen wata, ya dawo ya ce yaro ya yi ɓulɓul. Ni kuma ina tsaye kan guga daga safe zuwa yamma, ranar Juma'a in kawo masa albashin a rufe yadda aka ba ni. Sanyi ya wuce, zafi ya zo, wani sanyin ya sake shigowa.

Lauratu ce ta buɗe mini ido. 'Yar Ƙanƙara ce, matar wani ɗan kwas, ta yi makarantar horon malamai don haka tana jin Turanci. Mun haɗu ranar Sallah a gidan wani ɗan ƙasarmu, ta tambaye ni ko ban taɓa haihuwa ba. Na daure na ba ta labarin dokar. Ta ajiye cokalinta.

"Wace doka? Suwaiba, babu wata doka. Mazan nan ne ka sa cigiya a jarida, suna neman Baturiyar da za ta riƙe masu ɗiya, su biya ta duk wata, don matan su samu yin aiki. Nawa mijin ma ya gwada, na ce mashi sai dai ya maishe ni Ƙanƙara."

Ban ci abincin Sallar nan ba. Lauratu ta bi ta wajen mijinta ta samo sunan garin Misis Bel da unguwar. Wata Asabar Hadi ya tafi ɗakin karatu, muka kama hanya.

Ashe jiragen ƙasa na Turawa rabewa suke yi a hanya. Mun shiga daidai, muka nemi taragon baya don ba mutane, muka baje. A wata tasha aka yi ta sanarwa, Lauratu na ba ni labarin kishin dangin mijinta, ba ta saurara ba. Gaban jirgin ya tafi garin da muke nema, bayansa ya ɗauke mu ya yi wani wajen. Sai da muka ga ruwa ba iyaka ta taga, jirgi ya tsaya, kowa ya fita, sannan muka san mun yi ɓatan kai. Muka tsaya bakin teku, iska na neman tsige mana gyale, ga ƙullin dambun naman da na yi wa yaron a hannuna. Lauratu tana ta ba ni haƙuri. Muka koma baya, muka jira wani jirgin, muka hau bas, ba mu isa ba sai bayan la'asar.

Misis Bel ta buɗe ƙofa, ta gane ni nan take, kuma ba ta ce mu shiga ba. Yaron yana bayanta, ya yi tsawo, an sa masa wani jan wando. Ya leƙo ya dube ni yadda yaro ke duban baƙo, ya kama siket ɗinta ya ɓoye fuska. Na durƙusa na miƙa masa dambun, ya ƙara maƙalewa.

Matar ta yi magana mai tsawo, ba da faɗa ba. Na juya ga Lauratu.

"Hwaɗa mani," na ce.

"Ta ce mijinki ya ce masu ba ki son yaron. Wai tun haihuwa kika ƙi shi, ko sunanshi ba ki kira, shi ya sa ya nemi mai riƙo. Ta ce nas ta shaida, ita ma ta gani da idonta, yana kuka yana kiranki kika juya mashi baya. Ta ce ba ta ba da shi ga uwar da ta yi haka, ta ma kai maganar gaban hukuma, uban kuma bai musa ba."

Kunyar da na yi don in girmama shi da ubansa, ita Hadi ya ɗauka ya kai wa Turawa a matsayin shaida. Da baƙo ne ya yi mini wannan fassarar da na ce jahilci ne. Amma mutumin da uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ya san irin son da take yi masa! Na ce wa Lauratu ta bayyana mata al'adarmu. Ta yi iya yinta. Matar ta saurara, ta girgiza kai, ta rufe ƙofar a hankali.

Da na koma na tare Hadi, ko gezau bai yi ba. Wai me yaron zai samu a Daudawa in ba kiwon awaki ba? A nan zai yi karatu ya zama likita, wata rana in gode masa. Na yi kuka, na yi zagi, na daina zuwa gidan wankin, amma ta ina zan bi? Bakina a ƙasar nan shi ne Hadi. Kwas ya ƙare, ya ce shari'ar karɓo yaro sai ta ci shekara, tikitin gwamnati kuma ba ya jira. Ya yi rantsuwa zai dawo ya ɗauko shi. Na hau jirgi bayana ba goyo.

Motar da Hadi ya saya ta riga mu sauka Ikko, ya je ya karɓo ta, a cikinta muka shiga Daudawa. Gari ya fashe. Yara na bin mu da gudu, dattawa na shafa ƙarfen suna sa albarka. Hajiya Nana ta fito daga zaure, ko kallon motar ba ta yi ba. Ta wuce ɗanta, ta wuce ni, ta buɗe ƙofar baya tana dariya.

"Ina maigidan nawa? Fito, angona, ga tumakinka can sun cika garke, na gaji da yi maka kiwo."

Akwatuna ta tarar da rediyo. Ta ɗago tana dubanmu.

"Karatu yake, Hajiya," in ji Hadi. "Mun bar shi hannu nagari. Uwar ma da yardarta."

Ido ya dawo kaina, ga surukai maza ga mata, ga liman. Hadi ya san ba zan yi maganar ɗan fari a gabansu ba, da wannan ya dogara. Na ji muryata ta fita da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

"Ƙarya yake, Hajiya. Ban yarda ba, ba a ma tambaye ni ba. Ya ba wata Baturiya ɗana Salihu don in yi mashi aikin kuɗin mota. Ga motar nan."

Hajiya Nana ta saki ƙofar, ta goge tafinta a zane. Ta kama hannuna ta ja ni ɗakinta, ta zaunar da ni bakin gado, ta ce in gaya mata kamanninsa, tsawonsa, ko ya yi haƙora duka, ko yana da wushirya irin ta kakansa. Na buɗe baki in ba ta amsa, sai na tuna ban ga haƙoransa ba, don bai yi mini dariya ba.