Nas Ta Ce "Ta"

Duk unguwar Kachalla Sembe babu tsoho mai ƙashi irin Baba Tobias. Kububuwa ta sare shi a gona, ita ce ta mutu. Mota ta kife da shi a hanyar Zing, shi ya jawo direban waje. Bai taɓa zama a aji ba, amma malaman makaranta wurinsa suke zuwa tambayar ranar da ruwa zai sauka. To wannan mutumin ne ɗan guntun sabulu ya kayar a banɗaki.

Ɗansa Godwin ya kai shi asibitin unguwa, matarsa Alisabatu na biye. Tun a hanya Godwin ya ce, "Baba, in nas ta hana ka hawa keke, zan ɗauke shi."

Keken nan shekararsa arba'in a hannun Baba. Da shi yake zuwa gona, da coci, da duk inda ake hira.

Nas ɗin, Hope, irin Hausar nan ta gari take yi, wadda namiji da mace duk "ta" ne. Ta auna Baba, ta juya wajen Godwin.

"Oga, jininta ta hau. Kar ta sake hau keke. Ta riƙe sanda. Ta rage gishiri. Kar ta ɗauki kaya mai nauyi, kar ta yawan sunkuyawa. A sa mata kujera a wurin wanka."

Baba ya gyara hula, ya dubi matarsa da tausayi. "Maman Godwin, kin dai ji."

"Baba, da kai take," in ji Godwin.

"Da ni? Ni 'ta' ne? Wannan gemun na aro ne?"

Kafin su gama musu nas ta kira wani mara lafiya. Godwin ya ce zai dawo ran Asabar a ƙare maganar keke.

Da suka isa gida Baba ya miƙa wa Alisabatu sandar, ya ja mata kunne a kan gishiri, ya kuma gargaɗe ta kada ya ga ƙafarta a kan keke, ita da ko a mafarki ba ta taɓa hawa ba. Alisabatu ba ta yi gardama ba. Ta karɓi sanda, ta shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, ta miƙe ƙafa.

"Ina abinci?" in ji Baba da rana ta yi.

"Baban Godwin, an hana ni sunkuyawa. Ga murhu can."

"Randa babu ruwa."

"An hana ni ɗaukar nauyi. Ga bokiti."

Baba bai ja da baya ba, mutumin da ya ga duniya. Ya tuƙa tuwo, ya fito gudaji-gudaji, kaji ma suka duba suka wuce. Ya yi shara, ya wanke tukwane. Kwana biyu keken na jingine, babu lokacin hawansa.

Rana ta uku yana dawowa daga famfo da bokiti a ka, zanin matarsa ya yi gammo da shi, sai ga maƙwabcinsa Malam Goni zaune a ƙofar gida.

"Sannu da aiki, uwargida," in ji Goni. "In kin gama, muna da wanki."

Baba ya juya zai ba shi amsa, jiri ya ɗebe shi. Ya zauna daɓas, ruwan ya bi shi har cikin riga. Goni ne ya kamo shi zuwa gida, yana ta yi masa sannu da "ke".

Alisabatu ta duba shi sama da ƙasa, ta ga babu karaya. Ta koma tabarma.

"Maman Godwin," in ji Baba, yana ɗiga, "na yi nazari a kan maganar nas."

"To?"

"Yarinyar ba ta iya Hausa ba."

"Ni dai na ji ta ce 'ta'. Wace ce 'ta' ɗin?"

Baba ya dubi keke, ya dubi murhu. Ya daɗe yana duban murhu.

"Ni ce," in ji shi.

"Ban ji ba."

"Na ce ni ce. Ba ni sandata, ki tashi ki ɗora girki."

Ran Asabar Godwin ya zo ya tura keken ya tafi da shi. Baba na zaune a gindin mangwaro, yana cin tuwo mai santsi da miyar da babu gishiri, bai ko ɗaga kai ba.